Kullen Luzmila da Shuɗiyar Ƙofa

Daga gida, yamma da Uribia,
cikin watan Janairu.

Zuwa ga Yayata Eudocia,

Gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yar'uwarmu Nereida da ɗanta Wilmer. Yaya aiki, yaya sanyin Bogotá, yaya kuma gwiwar nan da kika ce tana damunki in kina goge matakala? Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a guminki, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana nan da ƙarfinta, bakin nan nata kuwa ko kaɗan bai tsufa ba. Ɗan'uwanmu Aristides ya warke daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, ya koma bin awaki, matarsa Griselda kuma cikinta ya tsufa, yau ko gobe muke jira. Ruwan bana bai yi yawa ba, amma ya sauka, tafki ya kama rabi. Baƙar akuyarki ta haifi tagwaye, ɗaya ya ɗauko rashin kunyar uwarsa, jiya ma sai da ya cinye mini zaren saƙa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a madadin waya. Kin san in za a kira ki sai an hau tudun bayan makabarta, a ɗaga waya sama, a yi ta ihu makiyaya suna sauraro. Maganar da ke bakina kuwa ba ta kan tudu ba ce. Yaya, 'yarki Luzmila ta zama mace. Kafin zuciyarki ta tsinke, lafiyarta ƙalau, tana nan gefena tana ɓare masara. Amma sai kin yi haƙuri na bi miki labarin daga farko, kin san ni ban iya fara magana daga wutsiya ba. Kin tuna ranar da za ki tafi, kika riƙe hannuna a bakin mota kika ce, Ismenia, ga amanata nan, ko me za a yi kada a bar ta ta fita daga makaranta. Makarantar ƙauyenmu kuwa a aji biyar take tsayawa. Mai son ci gaba sai ta ci jarrabawar makarantar kwana ta 'yan mata, sau ɗaya ake yin ta a shekara, guraben kuma kaɗan ne. Wadda ta rasa ta bana, a baki dai za ta jira baɗi, amma ni da ke mun san ba wadda ta taɓa jira ta koma.

Kafin saukar ruwa sai ga malamarsu, Malama Zenaida, ta same ni a bakin tafki. Ta ce, Ismenia, lafiya Luzmila take fashi duk wata? Ta ce yarinyar ta fi kowa kai a ajin, amma in fashin nan ya ci gaba, shugaban makaranta ba zai sa sunanta cikin masu jarrabawa ba. Na ce wane irin fashi, yarinyar da kullum nake ganin fitarta da jaka? Raina ya ɓaci, har na fara zargin ko wani ɗan iska ne yake hure mata kunne. Na dai zuba wa Luzmila ido. Da wata ya zagayo na ga tafiyarta ta canza, sai na bi bayanta daga nesa. Ba hanyar makaranta ta bi ba. Can cikin busasshen rafi na same ta, a zaune ƙarƙashin itace da littafinta a cinya, tana karatu da ƙarfi ita kaɗai, tana yi wa kanta tambaya tana ba kanta amsa. A kan ƙaya kuma ga wasu tsummoki ta shanya, ko wankuwa ba su yi ba, don da ruwan gorarta na sha ta wanke su. Na zo da bulala a zuciyata, Yaya, amma ina ganin tsummokin nan fushina ya gushe.

Tana ganina ta fashe da kuka, ta ce, Iya, don Allah kada ki gaya wa Kaka, kulle ni za ta yi, jarrabawa ta wuce ni. Ashe tun watanni da suka wuce baƙon watanta ya fara zuwa, ta haɗiye abin ita kaɗai. Na ce to ke shashasha, in ɓoyewa za ki yi, me ya hana ki zauna a aji? Ta ce ba ta manta abin da ya faru da ƙawarta Marelvis ba. Ita jini ya ɓata wa riga a aji, ya taɓa benci, mazan ajin suka mai da abin waƙa, tun ranar ba ta sake taka makaranta ba. Ta ce ban ɗakin makarantar ba ƙofa, ba ko ɗigon ruwa, in kin shiga sai wata ta tsaya ta baje siket ta kare ki. Audugar mata kuwa sai Uribia, kuma kin san tsadarta, a gidan da ake auna masara da tafin hannu wa zai buɗe baki ya ce a sayo? Na zauna a cikin yashin nan na rungume ta. Kunya ta kama ni, muna kwana a rumfa ɗaya da yarinya ban san abin da take ciki ba.

Na yi niyyar mu rufe maganar har a yi jarrabawa, amma Inna ba a yi mata wayo. Muna shigowa gida ta ɗago tsohuwar doguwar rigarta, wadda duk an yanke mata gefe, ta ce, ke Ismenia, a ina kika taɓa ganin ɓeran da ke cin riga a miƙe sai ka ce da almakashi? Ta ce tun wata biyu take jiran mai bakin da zai gaya mata, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce yarinya ta ga jini, ta ci nama, ta yi yawo a idon maza, ba wanda ya yi mata wanka, ba wanda ya gaya mata kalma ɗaya ta zaman duniya, sai ka ce ba ta da dangin uwa. Ta ce gobe za ta shiga ɗaki, kuma sai damina biyu ta wuce, kamar yadda aka yi wa uwarta. Ni kuwa kin san bakina ba linzami. Na ce, Inna, haka kika kulle Yaya, ta fito 'yan ajinta sun wuce, malamai ko sunanta ba su tuna ba. Ta ce ai ta fito da hankali da aikin hannu. Na ce eh, hannun da take goge daɓen gidan wasu da shi. Ki yafe mini wannan, Yaya, zafin rai ne. Aristides da na sa ran zai sa baki a matsayinsa na kawu, cewa ya yi wannan maganar mata ce, ya ɗauki hularsa, wai ya ji kukan akuya.

Kashegari aka sa ta a ɗaki. Ba sai na faɗa miki yadda ake yi ba: an aske gashin, an ɗaure ragar kwanciyarta can sama kusa da rufi, ba abinci sai kunun masara marar sukari, wankan ruwan sanyi da sassafe, kuma ba namijin da zai ga fuskarta. Ɗakin nan ne dai naki da nawa, mai shuɗiyar ƙofar katakon jirgin ruwa da Baba ya kawo daga bakin teku. Aka ja ƙofar aka rufe. Luzmila ba ta yi gardama ba, ba ta yi ihu ba, hawaye kawai suke gangarowa cikin kunnenta tana kwance. Da aka sauko da ita bayan kwanakin farko, na kai mata kunu, sai ta ce, Iya, wa ya rubuta sunan Mama a bayan ƙofa? Na duba, ga shi nan kuwa, Eudocia, Eudocia, Eudocia, tun daga sama har ƙasa. Na ce uwarki ce, da ƙusa, tana maimaitawa don kada hannunta ya manta rubutu. Ni na ma manta da shi, don lokacin nawa kullen ban iya karatu ba tukuna.

Sai ga Malama Zenaida a kan babur, da wando da hular kwano, ta rungumo littattafai. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana kaɗi. Ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce ɗakin nan ba na baƙi ba ne, a gaya wa alijunar nan, wadda ba jinin kabilarmu ba, ta koma birninsu. Malama ta cire hula ta gaishe ta da harshenmu tsaf, gaisuwa irin ta mutanen da. Inna ta ajiye mazari ta ce, af, 'yar wace ce ke? Malama ta ce uwarta 'yar zuriyarmu ta Ipuana ce, daga wajen garin Nazareth na nan yankinmu. Inna ta ce, to ke da kike jininmu, me ya tsayar da ke a rana sai ka ce mai karɓar haraji? Ta ce abin da muka gada shi ne matan dangin uwa su shiga su koya wa yarinya abin da suka iya, wata saƙa, wata girki, wata haƙuri. Ta ce in ke lissafi kawai uwarki ta bar ki da shi, Allah sarki, shiga ki koya mata, amma ba da wandon nan ba. Ta sa na ɗauko doguwar rigata aka zura wa Malama a kan kayanta. Yaya, da kin ga yadda rigar take jan ƙasa, don matar gajeriya ce, da kin yi dariya har kin faɗi. Tun daga ranar, kullum aka tashi daga makaranta sai ta zo, ta rataye hularta a ƙaya, ta sa rigata ta shiga. Ko kwabo ba ta taɓa karɓa ba, sai kofin kofi.

Da safe Inna ce malama, da yamma Zenaida. Cikin abin da Inna ta fara koya mata har da naɗin ƙunzugu irin na da, yadda ake ninka ƙyalle, yadda ake ɗaure shi kada ya zame. Kin san su biyun da tsokanar juna. Inna tana kiranta 'yar boko mai ƙwaryar molo, ita kuma tana cewa Kaka ta san komai ban da sunanta a takarda. A cikin wannan wasan ne Luzmila ta ce, Kaka, da kin koya wa 'yan ajinmu wannan, da rabin benci bai riƙa zama ba kowa duk wata ba. Inna ta ce wane rabin benci? Aka ba ta labarin Marelvis da na sauran. Ta ce to ina iyayensu mata, ina kakanninsu? Malama ta ce iyayen wasu suna birni suna aikatau, kakannin wasu sun rasu, wasu kuma suna nan amma ba ƙyalle mai kyau, ba sabulu, ruwan ma na sha bai isa ba. Inna ta ce, kash, an bar yara kamar awakin da ba makiyayi. Ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ta tashi ta nuna rufin rumfa da sandarta ta ce in sauko da buhun Eudocia.

To nan ne godiyata gare ki ta fara, Yaya, da kuma neman afuwa. Kin tuna buhun kayan da uwar ɗakinki ta ba ki kika aiko bara, barguna masu laushi masu zanen agwagi, da rigunan ruwa na yara? Yau zan gaya miki gaskiya, ranar da muka buɗe buhun nan mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Aristides ya ce Yaya ta manta garinsu, ta aiko wa mutanen da rana ke gasawa bargo, ta aiko wa masu roƙon ruwa rigar ruwa. Ya sa ɗaya ya yi ta zagaya gida yana rawar sanyin ƙarya. Ashe alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Bargunan nan sun fi komai shan ruwa, ga taushi, ba sa goge fata. Malama ta zana siffar ƙunzugun da za a yanka daga cikinsu a kwali, mai fikafikai da maɓalli irin na kanti. Inna ta ce ninki biyu na 'yan birni ne, a yi huɗu. Malama ta ce a sa yankin rigar ruwa a ƙasa don kada ya ɓulla, Inna ta ce leda za ta dafa yara. Suka yi ta ja har aka kawo kofin ruwa aka zuba a kan guda biyu. Mai ledar bai ɗiga ba. Inna ta taɓe baki ta ce to, makaho ma yakan tsinci allura, a sa ledar.

Tunda mata ba a hana su shiga ba, sai 'yan ajin suka fara biyo Malama. Ɗakin kullen da ni da ke muka sani shiru kamar kabari, ya koma sai ka ce kasuwa. Wannan na yanka, wannan na ɗinki, Malama na jefa musu tambayar lissafi, Inna na warware ɗinkin duk wadda ta yi ganganci tana cewa wannan ko buhun gawayi ba zai riƙe ba. Ta koya musu wanki da ruwa kaɗan: a jiƙa a ƙaramar tukunya da ɗan gishiri, wanda shi kam ba mu rasa ba, sannan a ɗan goga sabulu, a shanya a rana sosai, ba a cusa ƙarƙashin kaya da danshi ba. Ta sa aka ɗaura igiya a bayan ɗaki ta ce duk namijin da idonsa ya kai can, shi ya aiki idonsa. Kowace yarinya ta saƙa 'yar jaka ta sakawa a ciki. Ni da kaina na je na jawo Marelvis daga gidan kakarta, tana noƙewa, na ce taso, wa ya mutu don an yi masa waƙa? Yanzu ta koma aji. Yaran har sun samu sara, in wata tana cikin kwanakinta sai ta ce yau da agwagwa ta zo, mazan ajin suna ta dube-dube suna neman agwagwa.

Duk wannan daɗin bai warware ainihin ƙullin ba. Malama ta yi ta fama da shugabansu har ya bar sunan Luzmila, ta ce ita ce shaida yarinya ba ta bar karatu ba. Amma jarrabawa a makaranta ake yi, kuma namiji ne ake turowa daga Riohacha ya tsare ta. Ta roƙa a bari a kawo takardar gida, aka ce ba a yin haka. Na durƙusa wa Inna, abin da ban taɓa yi ba tun da na girma, na ce rana ɗaya tak. Ta ci gaba da kaɗinta kamar da bango nake magana. Da na ga lokaci ya matso sai na shiga wajen Luzmila na raɗa mata cewa na shirya da jakin maƙwabta, in Inna ta tafi duba awaki sai mu fice ta baya. Kin san abin da 'yarki ta ce mini? Ta ce, Iya, ina son jarrabawar nan kamar raina, amma ba zan fita ta bayan Kaka ba, ta ɗauko mini ruwan wanka a kanta da tsufanta. Na ce to zauna, kanki ɗaya da na uwarki, taurin kai gado ne. Na fito ina faɗa, amma Allah ya sani kuka ne yake cina, don gani nake amanarki ta zube a hannuna.

Ranar jarrabawa na tashi ba ni da niyyar yi wa kowa magana. Ina fitowa na ga Inna ta sa rigarta ta zuwa taro, ta shafa baƙin garin nan a fuska saboda rana, ta ɗaura wa jaki sirdi da kanta. Ta ce, ke uwar 'yan fushi, kin tsaya kallona ne, ko za ki ɗauko bargon da ya rage? Ta shiga ɗaki ta fito da Luzmila a lulluɓe da babban jan mayafin rawa, tun daga kai har ƙafa, ko yatsa ba a gani. Ta ɗora ta a jaki ta kama igiya. Matar da tun da aka gina makarantar nan ba ta taɓa taka harabarta ba, ita ce a gaba, ni da Griselda da tulun cikinta muna biye. Duk namijin da muka haɗu da shi a hanya, tun daga nesa Inna take ɗaga sanda, sai ka ga mutum ya juya baya yana kallon ƙaya.

Mai tsaron jarrabawar wani alijuna ne mai tabarau, ko gaisuwa bai iya da harshenmu ba, sai Malama ce take fassara. Ya ce shi ba zai ba jan mayafi takarda ba, dole ya ga wanda yake rubutu. Inna ta ce a tambaye shi, fuska aka aiko shi ya auna ko abin da ke cikin kai? Ya ce ta ina zai san ita ce, ta ina zai san ba a shigo da amsa ba? Inna ta ce a kira mace ta duba. Aka kira wata malama da suka zo tare, ta leƙa cikin mayafin, ta duba hoto, ta laluba, ta ce ita ce, kuma ba komai sai fensir. Ya ce to ai ya ji an ce mai kulle ba ta fita daga ɗaki. Inna ta ja kujera ta zauna daram a kusurwar aji ta ce a gaya masa ɗakin kulle ba itace da laka ba ne, duk inda ta zauna nan ne ɗakin. Mutumin kirki ne, Yaya, ya cire tabarau ya yi dariya, ya ce shi ma yana da kaka. Aka sa teburin Luzmila a kusurwa, abokiyar aikinsa ta zauna kusa da ita, ni da Griselda muka ja bargo muka kare ta daga idon maza. Haka muka tsaya har aka gama, agwagi suna kallon mai tabarau, shi yana kallon agwagi. Kafaɗata ta yi mako tana ciwo, Griselda kuwa cewa take in ɗan nan ya fito da baki irin na agwagwa, laifina ne.

Ana tsakiyar rubutu Inna ta tashi za ta zaga. Wata yarinya ta nuna mata bayan aji. Ba ta daɗe ba ta dawo, fuskarta ta canza. Ta matso kusa da ni ta ce a hankali, nan yaran nan suke shiga? Na ce nan ne. Ta ce haka a buɗe, ga filin ƙwallon maza a gabansa? Na ce haka. Da aka gama muka dawo gida, ta mai da Luzmila ɗaki ta ja ƙofa.

Yaya, ta ci! Sunanta ya fito, kuma a sama-sama. Malama ce ta kawo labarin, tun daga nesa take danna hon, ta manta ma ba ta sa rigata ba ta faɗa ɗakin da wandonta, Inna ta yi kamar ba ta gani ba. Farkon wata mai zuwa za a kai ta makarantar kwana. Da shekara ta juya Inna ta ce kullen ya isa, wai yarinyar ta iya abin da wasu ke shekara biyu ba su iya ba, ban da haka ma ta gaji da surutun 'yan boko a gidanta. Aka yanka bunsuru, aka buga ganga, Luzmila ta fito cikin sabuwar doguwar riga da sarƙar wuyan Inna, ta yi fari, ta yi tsawo, kai na rantse ke na gani. A filin rawar nan tamu da mace ke bin namiji don ta kayar da shi, ta bi kawunta Aristides yana ja da baya yana cika baki, ba a yi zagaye biyu ba ta taɗe shi ya faɗi warwas, mata suka ɗauki guɗa.

Kashegari da safe Inna ta kira Aristides ta ce ya kawo guduma ya cire shuɗiyar ƙofar. Ya ce, Inna, ƙofar Baba? Ta ce, ta maƙwabta ka ji na ce? Aka ɗora ƙofar a jaki, muka bi Inna har makaranta. Ta tsaya a kansa har ya kafa ta a ban ɗakin 'yan mata, ta sa ya yi mata sakata ta ciki. Ta kawo tsohuwar randarta ta ajiye a gefe, ta ce gidajen da ke da 'ya mace a makarantar su riƙa cika ta bi da bi, kuma ita za ta riƙa zuwa dubawa, wanda ya ga zai iya da bakinta ya yi fashi. Da aka gama ta shiga ta rufe, ta daɗe a ciki har na fara damuwa. Da ta buɗe sai na ga hannunta a kan rubutun nan naki. Kin san ba ta iya karatu ba, amma ta san zanen nan kamar yadda ta san tambarin awakinta. Ta ce, Ismenia, na rufe ɗaya da ƙofar nan har makaranta ta manta sunanta. Ta ce, in za ki rubuta wa yayarki, ki ce mata sunanta ya koma makaranta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta goge ido da bakin mayafi ta ce iskar nan ta cika yashi.

To Yaya, na isar da saƙo. Na gode wa Allah, na gode wa Malama Zenaida wadda ban san da me zan biya ta ba, na gode wa tsohuwar nan mai taurin kai da ta haife mu. Ke kuma na gode miki da bargunan da muka yi wa dariya, da amanar da kika ba ni, ga ta nan ban zubar ba. In uwar ɗakinki za ta sake zubar da barguna, ko masu zanen kwaɗi ne, ki tattaro mana, don 'yan matan ƙauyuka biyu sun fara aiko da tambaya. Jakar da ke tare da takardar nan ita ce saƙar Luzmila ta farko a cikin kulle, ta ce ba mai rataya ta sai ke. Bakin ya ɗan karkace, kada ki gaya mata na faɗa.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa man akuya a gwiwar. Aristides da Griselda suna gaisuwa, Marelvis ma ta ce a gaida mai agwagi. Luzmila ta ce nata saƙon da hannunta za ta rubuta daga makaranta. Ki gaishe mini da Nereida, ki ce ban manta da zaren da na yi mata alkawari ba, ki shafa mini kan Wilmer. In Allah ya kawo ki hutun Ista, kada ki nemi shuɗiyar ƙofar a gida. Zan kama hannunki in kai ki inda take, ki shiga ki rufe da kanki, ki kuma buɗe lokacin da kika ga dama.

Ƙanwarki mai kewarki kullum,
Ismenia Ipuana